TSARA MANHAJAR MAKARANTUN ISLAMIYYA: A SAN MASAUKI KAFIN A KAMA HANYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata takarda da wani malamin makarantar Islamiyya ya aiko mana daga Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Babura ta Jihar Jigawa. Malamin ya ce sun shekara shida suna fama da wasu yara, iyaye suna biyan kuɗin mako ba fashi, har aka sa ranar walimar yaye su. Ana saura kwanaki kaɗan sai ya ga bari ya gwada su. Ya miƙa wa wani yaro buta ya ce ya yi alwala, yaron ya zuba ruwa a ƙafafunsa bai cuɗa ba, ya bar dunduniya a bushe. Ya buɗe wa wata yarinya Alƙur'ani a shafin da ba a taɓa biya mata ba, sai ta yi tsuru, alhali kuwa tana iya kawo izu biyu da ka. Malamin ya rufe takardarsa da tambaya, ya ce: laifin wane ne, na yara, ko na malamai, ko na iyaye?

Amsarmu ga malam ita ce, tun ran da aka buɗe makarantar ba a zauna an rubuta abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen kowace shekara ba. Wanda kuwa ya kama hanya bai san masaukinsa ba, kome saurinsa ba zai ce ya iso ba. Wannan matsala ba ta Kanya Babba kaɗai ba ce. Wanda ya zaga Kazaure da Roni da Gwiwa, ko ma birnin Kano, zai iske irinta. An sami aji, an sami benci da allon bango da ƙararrawa da rigar makaranta, amma abin da ya kamata a fara samu, watau manhaja mai manufa, shi ne aka bari a baya.

MENE NE MANHAJA, MENE NE MANUFA?

Mutane da yawa in an ce manhaja sai su ɗauka jerin sunayen littattafai ake nufi. Littattafai wani yanki ne kawai. Manhaja ita ce amsar tambayoyi huɗu: me muke so yaron nan ya zama kuma ya iya? Wane karatu da wane aiki za su kai shi can? Wanne za a gabatar, wanne za a jinkirta? Da me za mu gane ya isa? Wani masanin ilmi na Amurka, Ralph Tyler, ya jera irin waɗannan tambayoyi cikin littafinsa na shekarar 1949, kuma ana koyar da su a kwalejojin horon malamai. Manufa ita ce amsar tambaya ta farko, kuma a kanta sauran ukun suke tsayawa.

To, amma kada wani ya zaci wannan abu baƙo ne da boko ya kawo mana. Asalinsa yana cikin addininmu.

ASALINSA CIKIN ALƘUR'ANI DA SUNNA

Allah Maɗaukakin Sarki bai saukar da Alƙur'ani a dunƙule ga Manzonsa ba, ya saukar da shi kaɗan kaɗan cikin shekara ashirin da uku ko kusa da haka. Aya ta 106 ta Suratul Isra'i da aya ta 32 ta Suratul Furƙan sun bayyana hikimar haka, watau domin a karanta shi ga mutane sannu a hankali, kuma domin a tabbatar da zuciyar Manzo da shi. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi bayani cikin hadisin da Buhari ya ruwaito cewa surorin da suka fara sauka na ambaton Aljanna da wuta ne, sai da zukata suka kafu kan Musulunci sa'an nan hukuncin halal da haram ya sauka, kuma da hanin giya da zina ne ya fara zuwa da mutane sun ƙi bari.

Haka nan sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, bai ce masa ya je ya koyar da addini kawai ya yi shiru ba. Ya fara gaya masa irin mutanen da zai tarar, cewa ma'abota Littafi ne. Sa'an nan ya jera masa aikin: ya fara kiransu zuwa kalmar shahada, in sun karɓa ya sanar da su salloli biyar, in sun karɓa ya sanar da su zakka. A nan akwai sanin ɗalibi, akwai manufa, akwai jerantawa, kuma ba a wuce mataki sai an tabbatar da na bayansa.

Game da gwaji kuwa, mu tuna mutumin da ya shiga masallaci ya yi salla ba natsuwa, Annabi ya mai da shi ya sake har sau uku, sa'an nan ya koya masa yadda ake yi. Da aikinsa aka auna shi. An kuma ruwaito daga Abu Abdurrahman Assulami cewa sahabban da suka karantar da su sun gaya musu ba su wuce aya goma sai sun san abin da ke cikinta na ilmi da aiki.

YADDA MAGABATANMU SUKA TSARA

Makarantar allo da muka gada tana da nata tsari, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. Yaro yakan fara da Fatiha da gajerun surori da baki, ya shiga babbaƙu ya san haruffa, ya shiga farfaru ya san wasali, sa'an nan ya riƙa haɗa baƙi da kansa. Ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ya gamsu. A tsangaya kuwa kowa ya san bambancin kolo da titibiri da gardi, kuma ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka. Kowane suna daga cikin waɗannan yana nuna abin da mai shi ya iya.

A makarantar ilmi, watau ta zaure, tsanin fiƙihu sananne ne: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har a kai Muhtasar na Halil. Wanda ya duba zai ga ba da ka aka jera su ba. Ahalari ya taƙaitu ga tuba da ladubba da tsarki da salla da gyaran rafkanuwa. Ishmawi ya maimaita tsarki da salla ya ƙara da azumi. Iziyya ta faɗaɗa har zuwa zakka da hajji da aure da ciniki. Watau ana komawa kan babi guda sau da yawa, kowace komawa ana zurfafawa. Wannan shi ne abin da Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cikin Muƙaddima, cewa a bi fanni sau uku: zagaye na farko a ba ɗalibi manyan mas'aloli a taƙaice, na biyu a faɗaɗa a ambaci saɓani, na uku a warware duk abin da ya shige duhu. Ya kuma yi gargaɗi kada a cakuɗa wa mai koyo fannoni biyu lokaci guda, kada a bar tazara mai tsawo tsakanin darasi da darasi har ya manta na baya. Hausawa ma sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Mai Risala, Ibnu Abi Zaid mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, daidai da 996, ya buɗe littafinsa ne da faɗin manufarsa. Wani malamin yara ne ya roƙe shi ya rubuta taƙaitaccen abin da ya wajaba harshe ya furta, zuciya ta ƙudurce, gaɓoɓi su aikata, domin a koya wa yara kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. Ya san waɗanda yake rubuta wa, ya san abin da yake so su fita da shi, sa'an nan ya ɗauki alƙalami.

A ƙasarmu kuwa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya bar mana Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu, tun daga Alƙur'ani wurin mahaifinsa har abin da ya ɗauka wurin wansa Shehu Usmanu na nahawu da tauhidi da fiƙihu. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta dubi matan ƙauye da ba su iya zama makaranta, sai ta tsara musu karatu daidai da halinsu: ta sa darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajoji suna zuwa wurinta su ɗauka su kai wa 'yan taru. Manufa ba ta sake ba, hanya ce aka daidaita da masu koyo.

INDA AKA SAMI GIƁI

Tsarin aji da jadawali ya shigo karatun addini a Arewa ne a hankali. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Daga baya makarantun Islamiyya suka yi ta yaɗuwa birni da ƙauye. A ɓangaren boko kuwa, an yi babban taron manhaja na ƙasa a Ikko a 1969, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka fito da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, sa'an nan shirin ilmin bai-ɗaya ya biyo baya a 1999. Duk waɗannan sun sa makarantar firamare tana da manhaja a rubuce, ko da aiki da ita yakan yi rauni.

Ƙaramar Islamiyyar unguwa kuwa sau da yawa ta faɗa tsakiya. Ta bar tsarin zaure, inda ɗalibi ba ya wuce littafi sai ya sauke shi, ta ɗauki tsarin aji, inda ake ciyar da yara gaba don shekara ta zagayo. Amma ba ta ɗauki abin da ke riƙe tsarin aji ba, watau rubutacciyar manufa da jarrabawar da ke auna ta. Sai kowane malami ya koyar da abin da ya fi so. Wannan ya zo ya fara hadisai arba'in na Nawawi, ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga na ɗaya. Yaro ya haddace hadisin niyya sau huɗu, bai taɓa jin babin wankan janaba ba.

YADDA ZA A GYARA

Abu na farko, shugaban makaranta da malamai da limami da wakilan iyaye, maza da mata, su zauna su amsa tambaya guda: yaron da ya shekara shida a nan, me ba za mu yarda ya fita bai iya ba? A ganinmu amsar ba za ta wuce abu biyar ba. Ya karanta Alƙur'ani daga kowane shafi aka buɗe masa, da kyakkyawan furuci. Ya san imani da rukunansa shida gwargwadon hankalinsa. Ya iya tsarki da salla da azumi a aikace. Ya san halal da haram cikin abin da yake ci da abin da yake saye da sayarwa. Ya tashi da gaskiya da riƙon amana da girmama iyaye. Duk darasin da bai kai ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, a jinkirta shi.

Abu na biyu, a sassaƙa kowace babbar manufa ta zama ƙananan da ido zai gani. In an rubuta cewa yara su san alwala, ba a ce kome ba, domin ba wanda ya san iyakar sani. Amma in an rubuta cewa a ƙarshen zangon farko na aji biyu kowane yaro zai ɗauki buta ya yi alwala gaban malam, ya cika farillanta bakwai kamar yadda suke a mazhabar Malikiyya, ya faɗi abubuwa biyar da ke warware ta, to, malami ya san aikinsa, uba ma yana iya gwada ɗansa a tsakar gida. Kyakkyawar manufa tana faɗin wanda zai yi, da abin da zai yi, da lokacin da zai yi.

Abu na uku, a ƙirga kwanakin da ake da su da gaske. Makarantar da ke karatu Asabar zuwa Laraba tana da kwana biyar a mako. In an cire watan azumi da hutun salloli biyu da sauran hutu, aka ce mako talatin da shida ya rage, kwana 180 ke nan a shekara. A ƙasa irin ta Babura da Kazaure, inda gero da dawa da gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, kowa ya san da damina ta faɗi yara sukan tafi gona, ranar kasuwa kuma wasu sukan yi fashi. Mai hankali zai sa sababbin darussa masu nauyi cikin rani da lokacin ɗari, ya bar damina don bita da tilawa, ya kuma rage sa'o'inta. Gara a yi shirin da zai yiwu da a rubuta wanda malamai da kansu sun san ba za a cika ba.

Ga misali a kan hadda. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas. Izun ƙarshe, daga Sabbi zuwa Nasi, sura ashirin da takwas ne. In aka ba shi shekara biyu na farko, tare da babbaƙu da farfaru, sa'an nan aka ba izun Amma da na Ƙul uhiya da na Tabaraka shekara ɗaya ɗaya, aka keɓe shekara ta shida don tishi da gyaran tajwidi, yaro zai fita da izu huɗu masu ƙwari. Wannan ya fi izu goma da za su zube kafin shekara ta zagayo. Sai dai sharaɗi guda: karatu da duba ya riga yawan hadda, kada yaro ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi da kansa ba. Har wa yau a tsai da ruwaya guda. Yaran da yawa suna karanta Warshu a makarantar allo da asuba, su karanta Hafsu a Islamiyya da yamma. Dukansu ruwayoyi ne ingantattu, amma lalle malamai su san da haka, su nuna wa yaro bambancin, kada a riƙa dukansa kan abin da ba kuskure ba ne.

Abu na huɗu, a dubi wanda zai bar makaranta da wuri. 'Yan mata da yawa a garuruwanmu ba su kai ƙarshen karatu ake musu aure. In aka ajiye babin haila da biƙi da wanka sai aji na ƙarshe, an zalunce su, domin za su shiga ɗakin miji ba su san lokacin da salla ta hau kansu da lokacin da ta sauka ba. A gabatar da shi tun kafin su balaga, a hannun malama mace. Haka ɗan manomi, kada ya fita bai san cewa hatsin da ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i ɗari uku, ana fitar masa da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar da shi, da rabin haka in da wahalar ban-ruwa aka noma shi. Ɗan makiyayi ya san tumaki ko awaki arba'in ana ba da ɗaya, shanu kuwa nisabinsu talatin ne. Wannan shi ne ilmin hali, wanda Zarnuji ya gabatar a farkon Ta'alimul Muta'allim, watau sanin hukuncin abin da mutum ke ciki.

Abu na biyar, a auna da irin ma'aunin da aka yi alkawari. In manufa ta ce yaro zai yi salla, to, a shimfiɗa tabarma ya yi, a ce masa ya manta zaman tahiya na farko, a ga ko ya san ƙabli zai yi ko ba'adi. In ta ce zai karanta, a buɗe masa inda bai zata ba. Ɗabi'a kuwa ba ta aunuwa da takarda, sai da lura: a tambayi iyaye, a duba yadda yake da amanar kuɗin aike da yadda yake da ƙannensa. Wanda bai kai ba a ƙara masa lokaci, kada a tura shi gaba don jin kunyar ubansa. Kowane malami ya riƙe littafin da yake rubuta inda ya tsaya, domin in ya tashi wanda ya gaje shi ya ɗora daga nan.

NASIHA GA IYAYE DA MALAMAI

Duk abin da muka zayyana ba ya bukatar gini ko kuɗin gwamnati. Littafin rubutu guda da zaman yini biyu sun isa a fara. Makarantun gari guda suna iya haɗuwa su yi manhaja ɗaya, ta yadda yaron da iyayensa suka tashi daga wannan unguwa zuwa waccan ba zai koma farko ba. Waɗanda ke kusa da hukumar ilmin addinin Musulunci ta jiha su nemi abin da ke hannunta su daidaita da halin garinsu.

Iyaye kuma, ranar da kuka kai yaro, ku tambayi malam abin da zai iya nan da shekara, kamar yadda kuke tambayar magini ranar da zai kai gini linta. Wannan ba rashin ladabi ba ne ga malami, taimakonsa ne kan amanar da ya ɗauka. Hadisi ingantacce ya nuna dukanmu makiyaya ne, kuma za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo.

Ga malam mai takarda kuwa, shawararmu ita ce kada a fasa walima, amma a ɗaga ta da wata biyu ko uku. A gaya wa iyaye gaskiya. A ajiye kome a sa yaran nan gaba kan abu uku: karatu da duba, tsarki, da salla. Sa'an nan kafin a ɗauki sababbin yara, a zauna a rubuta manufar kowane aji a liƙa a bango inda malami da ɗalibi da uba za su gani. Kunyar ɗaga walima ta yini guda ce, amma yaron da aka sallama bai iya alwala ba zai yi shekaru yana salla da ita haka nan.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.